Fadar Shubra da lambunan Ɗa'ifa: ya cancanci a bar Makka a hau dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Insha Allahu za mu tafi Umara ni da maigidana da mahaifiyata, kuma za mu yi kwana goma a Makka. Na ji ana cewa Ɗa'ifa ce wurin shan iskar sarakunan Saudiyya lokacin zafi, wai akwai fada da lambuna a kan dutse. Ana barin baƙi su shiga? Kuma ya cancanci mu ware rana guda, ganin Mama ta manyanta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada, ya ƙara wa Mama lafiya.

Ya cancanta, amma abu biyu ne za su yanke hukunci: watan da za ku je, da lokacin da za ku isa. Kafin nan, ki cire wani hoto daga ranki, na katafariyar fada mai ƙofa guda inda za a yanki tikiti a shiga a tarar da furanni jere. Fadar da ake nuna wa baƙi tana tsakiyar gari, motoci na wucewa ta gabanta. Lambunan kuwa suna warwatse cikin kwaruruka da gangaren duwatsun Hada da Shafa, kuma mafi yawansu gonakin mutanen gari ne. Na daɗe ina raka alhazai wannan hanya, kuma kusan duk wanda na ji ya dawo yana cewa "ai ba komai a Ɗa'ifa", in ki bincika motar ziyara ya bi, wadda ke tashi daga Makka da hantsi, ta isa rana tsaka, a tsaya masallaci biyu da shagon turare ɗaya, a juyo kafin la'asar.

Abin da ya kai sarakuna can tun asali shi ne tudu. Makka tana cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba. Ɗa'ifa ta haura mita 1,800, wato ta fi Jos tudu da wajen mita 600, Shafa kuma ta zarce 2,000. Tazarar garuruwan biyu bai kai kilomita 100 ba ta hanyar Hada. A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Makka ke wuce digiri 40, rana a Ɗa'ifa ma tana da zafinta, kada wani ya ruɗe ki da cewa sanyi ake yi. Bambancin yana fitowa ne da yamma da dare, sa'ad da iska ke kaɗawa har mutum ya nemi mayafi. A lokacin hunturu kuwa sanyi ne na gaske, musamman a Shafa.

Wannan ɗabi'a ta manyan Makka su mallaki gona a Ɗa'ifa ta girmi Musulunci. Kin san ƙissar zuwan Manzon Allah (SAW) garin tare da Zaidu ɗan Harisa, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, yadda Banu Saƙif suka sa yara da wawaye suka jefe shi. To gonar inabin da ya fake a cikinta ta Utba da Shaiba ce, 'ya'yan Rabi'a, kuma su Ƙuraishawan Makka ne. Su suka aiko bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da inabi a faranti. Bayan Musulunci ma haka aka ci gaba. Amru ɗan As yana da shahararriyar gonar inabi a wani wuri da ake kira Wahɗ. Mu'awiya ya sa an gina madatsar ruwa a Saisad, gabas da garin, kuma har yau rubutun da aka sassaƙa a dutsen yana nan, ɗauke da sunansa da shekara ta 58 bayan Hijira. Daga baya Sharifan Makka da gwamnonin Turkawa suka mayar da hawa Ɗa'ifa a bazara al'adar mulki.

Daga hannun Sharifan ne Fadar Shubra ta fito. Sharif Ali ɗan Abdullahi, wanda ake kira Ali Basha, shi ya gina ta tsakanin 1905 da 1907, lokacin yana Sarkin Makka, aka sa mata sunan wata fada da ke Alƙahira. Bene ne fari mai hawa huɗu, da ɗakuna wajen 150. Abin da ido ke fara kamawa shi ne tagogin. Katako ne aka sassaƙa kamar raga, an turo su waje daga jikin bango, irin waɗanda mutanen Hijaz ke kira rawashin. Wanda ke ciki yana ganin titi, na titi ba ya ganinsa, iska kuma tana ratsawa ta huce kafin ta shiga ɗaki. A ciki akwai matakala mai faɗi ta farin dutse mai sulɓi da aka kawo daga Italiya. In kin tsaya daga nesa kaɗan za ki ga ginin ya haɗa hannu biyu, ginshiƙai da bakunan ƙofa irin na Turai, katako da tsarin iska irin na Jidda da Makka. A ganina babu ginin da ya kai shi kyau a garin.

Dakarun Sarki Abdul'aziz sun ci Ɗa'ifa a watan Satumba na 1924, kuma an zubar da jini sosai a wannan shiga, abin da ya sa Makka ta miƙa wuya ba yaƙi bayan 'yan makonni. Sarkin ya mayar da Shubra masaukinsa na bazara. Sarki Faisal ya yi amfani da ita wajen zaman majalisar ministoci, daga baya ta zama ofishin ma'aikatar tsaro, sannan a 1995 aka mayar da ita gidan tarihi. Shekaru da dama, in zafi ya shigo, gwamnati kusan ɗungurungum take tattarawa ta hau dutse, da ministoci da magatakarda da iyalansu. Shi ya sa sunan garin ya cika tarihin ƙasar. A nan aka ƙulla yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Saudiyya da Yaman a 1934. A nan Sarki Abdul'aziz ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 1953, aka kai shi Riyad aka binne, kuma a nan Sarki Khalid ya rasu a Yunin 1982. Taron ƙoli na uku na ƙasashen Musulmi a Janairun 1981 an buɗe shi a Masallacin Harami, aka ci gaba da zama a Ɗa'ifa. 'Yan majalisar Labanan a nan suka zauna a 1989 suka cimma sulhun da ya kashe wutar yaƙin basasarsu. Da Saddam ya mamaye Kuwait a 1990, Sarkinta Jabir Al-Ahmad a nan ya kafa gwamnatin gudun hijira har aka kwato ƙasar.

Game da shiga: gidajen sarauta da ake amfani da su yanzu ba a shiga, kuma kada maigida ya ɗaga waya ya ɗauki hoton katangarsu ko na masu gadi, wannan ba abin wasa ba ne a Saudiyya. Shubra ita ce ta jama'a, sai dai an sha rufe ta don gyara, don haka ku sa direba ko ma'aikacin otal ya tambayo muku kafin ku nufe ta. Ko a rufe take, tsayuwar minti ashirin a waje ba asara ba ce. Gonakin da suka kewaye ta a zamanin Sharifai gari ya cinye su, abin da ya rage fili ne da 'yan itatuwa. Na'urar sanyaya ɗaki ma ta rage wa Ɗa'ifa daraja a wurin masu mulki, tunda yanzu ana iya zama a Jidda cikin watan Yuli ba a ji komai ba.

Inda za ki ga abin da kika zo nema shi ne gonakin wardi, kuma a nan maganar wata ta shigo. Furen wardin Ɗa'ifa sau ɗaya yake fitowa a shekara, daga wajen Maris zuwa ƙarshen Afrilu, kwana arba'in da 'yan kai. A 'yan shekarun nan watan Shawwal ne ke faɗawa kan kakar, don haka masu Umarar bayan ƙaramar Salla su ke cin sa'a, muddin sun shiga kafin a rufe Umara saboda shirin Hajji. In kin je a watan Nuwamba, ƙananan itatuwa masu ƙaya kawai za ki tarar, ki ce an yaudare ki.

Furen ba irin jan nan ba ne mai kauri da ake sayarwa a shagunan kwalliya. Ruwan hoda ne mai haske, ganyensa sirara, wajen talatin a kowane fure, kuma ba ya jure rana. Da asuba yake buɗewa, kuma da zarar rana ta ɗaga man da ke cikinsa ya fara tashi. Saboda haka masu tsinka suna shiga gona bayan sallar asuba, kafin hantsi ya yi sun gama. Ki tsaya a bakin gona a Hada da ƙarfe shida na safe, raɓa ta jiƙa miki gefen abaya, ma'aikata suna bin layi suna tsinke furen da yatsu biyu suna jefawa a kwando, ƙamshin kuma ya cika kwarin tun kafin ki sauka daga mota. Wanda ya iso da azahar ba zai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, sai tulin furen da aka ajiye a ƙofar shago don masu hoto.

Daga gona ana wucewa da furen kai-tsaye zuwa matatar. A auna shi, a zuba dubbai a cikin manyan tukwanen jan ƙarfe da aka gina a jere kan murhu, a ƙara ruwa, a rufe a liƙe bakin, a hura wuta. Tururin yana bi ta bututu, ya ratsa cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga cikin wata babbar kwalba. Aikin yana cin sa'o'i masu yawa. Man yana taruwa a wuyan kwalbar, siriri a saman ruwa, sai a zuƙe shi da sirinji. Ruwan farko mai ƙarfi, wanda suke kira arus, shi ne mai daraja, na bayansa kuma shi ake sa wa a shayi da kayan zaƙi. Ana buƙatar fure fiye da 10,000 kafin a sami tola ɗaya ta man, wadda ba ta wuce giram 12 ba. Wannan wardi yana cikin abin da ake haɗawa da ruwan Zamzam wajen wankin Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun nomansa cikin jerin al'adun gargajiya da ɗan Adam ya gada.

To in wani ya miƙo miki tola a farashin kwalbar turaren kanti ya ce zallar man Ɗa'ifa ne, lissafin da na ba ki ya ishe ki amsa. Zallan yana da tsada ƙwarai, kuma yana da wata alama: in ya ji sanyi yakan daskare, ya narke da ɗumin tafin hannu. Ga tsaraba, ruwan wardi ya fi sauƙi kuma ya fi wuyar algus in a matatar aka saya. Ki sa shi a jakar da za a auna, ki naɗe da leda biyu.

In tafiyarku ta faɗo tsakanin Yuli da Oktoba, babu wardi amma akwai 'ya'yan itace, kuma wannan ita ce kakar da Larabawa da kansu ke cika garin. Inabi da ɓaure da wani ɗan itacen ƙaya da suke kira barshumi suna fara fitowa, rumman kuma ya biyo baya wajen ƙarshen bazara. Rumman ɗin Ɗa'ifa ya yi suna a duk ƙasar, sai dai ba duk wanda aka tula a bakin hanya ne na garin ba, akwai na Yaman da na Masar a ciki, ki tambaya. A hanyar Shafa za ki ga masu zuma, har da zumar magarya. Wasu gonaki suna karɓar kuɗi kaɗan a shiga a zauna a inuwa a sha shayi. A wannan kaka otal yana tsada, kuma daren Juma'a da Asabar hanyoyin dutsen suna cushewa.

Akwai kuma lambunan gwamnati. Wanda ya fi dacewa da Mama shi ne Rudaf, a kudancin gari. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa da manyan duwatsu mulmulallu, da tafki mai feshin ruwa da dare, ana iya tura keken guragu a cikinsa, kuma an sha yin bikin wardi na shekara a nan. Da yamma ake zuwa. Za ki ga iyalai sun shimfiɗa darduma da butar gahawa da dabino har tsakar dare, kuma wannan zaman shi ne ainihin abin da mutanen ƙasar ke nufi da zuwa Ɗa'ifa.

Hanya biyu ce daga Makka. Ta Hada ita ce gajera kuma mai kyan gani. Za ku wuce gefen Arfa, ku ratsa Wadi Nu'uman inda ruwan Ainu Zubaida ke tasowa, sannan titi ya fara nannaɗe dutsen Kara, kwana bayan kwana, har kunne ya toshe. In Mama tana jiri a mota ko tana da hawan jini, ta zauna a gaba, ta sha maganinta, kada ta cika ciki kafin a tashi. Akan rufe wannan hanya in hazo ya sauko ko an yi ruwa mai ƙarfi. Ta biyu ita ce ta Sail, ta fi tsawo amma hawanta a hankali yake, kuma ita manyan motoci suka fi bi. Ni nakan ce a hau ta Hada a sauko ta Sail.

A saman Hada akwai gwaggon biri garke-garke a bakin titi. Suna da ban dariya daga cikin mota, amma ki rufe gilashi. Sun san leda, sun san jaka, kuma babban namiji ba ya tsoron mace ko yaro. Mutane ne suka lalata su da jefa musu ayaba da burodi. A nan ne kuma ake hawa motar igiya, talfirik a bakin mutanen wurin, wadda ke sauka daga Hada zuwa ƙauyen Kar a gindin dutse, tafiyar wajen kilomita 4 a rataye. Daga cikinta ana hango tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu, wadda ayari ke bi kafin a fasa titin mota. In Mama ba ta son tsayi, ku bar ta a sama da mai rakiya, akwai wurin zama.

Wuraren tarihin Musulunci ba sa cin lokaci. Masallacin Abdullahi ɗan Abbas yana tsakiyar gari, kusa da inda aka binne shi bayan rasuwarsa a shekara ta 68 bayan Hijira, kuma tsohuwar kasuwa tana dab da shi. A unguwar Masna, bakin Wadi Wajj, akwai ƙaramin Masallacin Addas da wanda ake kira Masallacin Ku'u. Gine-ginen an yi su ne ƙarnoni bayan zamanin Annabi (SAW), kuma cewa daidai nan ne ya zauna ko ya jingina magana ce ta mutanen gari. Babu wata sallah ko addu'a ta musamman da aka shar'anta a wurin. Direbobi suna da labarai iri-iri a kan kowane dutse, ki saurara da kunnen basira.

Da ni ne mai tsara muku, ba zan yi jeka-ka-dawo a yini ɗaya da dattijuwa ba. Ku ɗauki ƙaramar mota taku, ku yi ciniki da direba a kan kwana ɗaya tun a Makka. Ku tashi bayan la'asar, ku isa Hada rana na faɗuwa, ku yi dare a Rudaf, ku ci salik, shinkafar garin da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi, wadda ko mai ciwon haƙori zai iya ci. Ku kwana. Da asuba ku tafi gona da matata in kakar wardi ce, in ba ita ba ku hau Shafa kafin rana ta yi zafi. Hantsi ku ga Shubra, ku yi azahar a Masallacin Ibn Abbas, ku kama hanya. Na san akwai mai cewa daren da aka kwana a wajen Makka an yi asarar salloli a Harami, kuma maganarsa gaskiya ce. In kwanakinku huɗu ne da ban ba ku shawarar zuwa ba. A kwana goma kuwa, yawancin dattawa sukan gaji a tsakiya, kuma hutun dare ɗaya a wuri mai iska yana dawo musu da ƙarfin ɗawafi.

Tun 2022 aka bai wa masu bizar Umara damar zagaya sauran garuruwan ƙasar, amma bizar Hajji dokarta daban ce, kuma ƙa'idoji suna canzawa in Hajji ya matso. Ku tabbatar da wakilinku, ku riƙe fasfo a jiki saboda shingayen bincike.

Saura maganar dawowa. Ɗa'ifa tana bayan mikati. Mai niyyar sabuwar Umara zai ɗaura harami a Ƙarnul Manazil, wato Sailul Kabir, in ta hanyar Sail ya biyo, ko a Wadi Muhrim in ta Hada ya sauko. Duka biyun akwai masallaci da wurin wanka. Ku tafi da kayan haramin maigida a mota. Wanda kuma ba ya son sake Umara, ya tambayi malaminsa tun kafin a tashi, domin malamai sun yi saɓani a kan shiga Makka ba harami ga wanda ya wuce mikati, kuma Malikiyya suna da tsanani a nan. Sannan ki kula da masu shagon wardi, da kin shiga za su shafa miki man a bayan hannu, wani ma ya fesa wa maigida ruwan a riga, karamci ne a wurinsu. In za ku ɗaura harami bayan sa'a ɗaya ko biyu, ku ce musu a'a tun daga ƙofa, kuma kwalaben da kuka saya su zauna a but ɗin mota, nesa da jakar haramin.